Baba ya ƙi takunkumi, ƙanwata ta ƙi leƙa waje

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, Allah ya ƙara basira. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Lokacin annobar korona mu uku ne manya a gida: ni da mahaifinmu da ƙanwata mai bi mini. Baba ya haura shekara 70, kuma yana da ciwon suga, wato yana cikin waɗanda likitoci suka ce sun fi kowa shiga haɗari. Amma shi ne ya ƙi sa takunkumi ƙememe. In na miƙa masa sai ya cusa a aljihu, ya ce wani amininsa ya turo masa saƙon murya cewa mura ce aka yi wa sabon suna, kuma shi bai taɓa ganin wanda ta kwantar ba. Ƙanwata kuwa, shekararta 22 a lokacin, lafiyarta ƙalau, sai ta koma kamar ba ita ba. Waya na hannunta tun asuba har tsakar dare tana ƙirga mamatan ƙasashen duniya, ta yi ta wanke hannu har fatar ta tsage, ko bakin ƙofa ba ta leƙawa. Bayan wata 4 sai ta yi watsi da komai rana ɗaya, ta ce ta gaji, abin da zai faru ya faru. Allah dai ya tsare mu. To da aka fara maganar ƙyandar biri a 2024 sai kowa ya koma gidansa na jiya: Baba ya ce wata ƙaryar ce, ita kuma barci ya ƙaurace mata. Yaya, gida ɗaya, cuta ɗaya, me ya raba su haka? Wayar ce mai laifi? In wata annobar ta zo, Allah ya kiyaye, ta ina zan ɓullo musu?

Daga ƙanwarki, mai bibiyar wannan fili.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da na gama karanta wasiƙarki sai da na yi murmushi, don kin zana mini gidaje da yawa da na shiga a shekarun da na yi ina aikin wayar da kai kan kiwon lafiya. Kusan kowane gida akwai irin Baba, akwai irin ƙanwarki, akwai kuma ta tsakiya irinki, tsaye da takunkumi a hannu ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Kin ce cuta ɗaya ce. A wurin likita haka ne. Amma cutar da mutum yake gudu ita ce wadda ya ƙiyasta a ransa, ita kuwa da abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani ake gina ta. Don haka korona biyu ce ta kwana a gidanku: wadda aminin Baba ya turo a saƙon murya, da wadda ƙanwarki take ƙirgawa a fuskar waya da tsakar dare.

Bari mu fara da Baba, tunda shi ne babba.

A shekarun 1950 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Amurka ta shiga irin ruɗanin da kike ciki. Tana tura motoci cikin unguwanni ɗauke da na'urar hoton ƙirji don gano tarin fuka, kyauta, amma mutane da yawa ko kallon motar ba sa yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a hukumar, Godfrey Hochbaum, ya bi mutum fiye da 1,200 da tambayoyi. Cikin waɗanda suka yarda cutar za ta iya kama su, suka kuma yarda gano ta da wuri yana da amfani, kashi 82 cikin 100 sun kai kansu an ɗauki hoton. Cikin waɗanda ba su yarda da ko ɗaya ba, kashi 21 ne kacal. Daga irin wannan aikin aka fitar da ma'aunin da har gobe ake koya wa ma'aikatan lafiya, cewa kafin mutum ya bi wata dokar lafiya sai zuciyarsa ta yi masa 'yan tambayoyi, ko ya lura ko bai lura ba. Abin nan zai iya samuna? In ya same ni, yaya muninsa? Abin da aka ce in yi yana da amfani kuwa? Wace wahala zan sha wajen yinsa?

Baba a tambayar farko ya toge. Kuma kada ki raina hujjarsa ta cewa bai ga wanda ta kwantar ba, don gani ya kori ji, korona kuwa cuta ce mai ɓoye ɓarnarta. Mafi yawan waɗanda ta kama a gida suke warkewa, wasu ko alama ba sa nunawa, waɗanda ta yi wa mugun kamu kuma an killace su inda babu mai zuwa dubiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an samu ƙarin mace-macen mutum miliyan 14.9 a kan yadda aka saba, amma adadi a takarda ba ya girgiza zuciya kamar rasuwar maƙwabci guda. Ga kuma wata ɗabi'a da duk muke da ita, wadda wani masanin halayyar ɗan Adam, Neil Weinstein, ya auna a 1980 tsakanin ɗaliban jami'a: kusan kowa yana ganin ya fi sa'o'insa nisa da masifa. Ciwon zuciya na wasu ne, mugun ciwo na wasu ne. In kowa ya fi kowa tsira, to wa abin yake samu?

A kan wannan shimfiɗar saƙon muryar ya zo ya zauna daram. Sanarwar hukuma daga bakin baƙo take fitowa, da kalmomin da aka tsara a ofis. Saƙon kuwa muryar amininsa ce ta rako shi, kuma ya faɗa masa abin da ransa yake so ya ji.

A nan dole in tona wa kaina asiri. A watan Maris na 2020, da dare ina kwance, wata abokiyar aikina da nake ganin girmanta ta turo mini saƙon nan da ya zagaye duniya, mai cewa in ka iya riƙe numfashinka na daƙiƙa 10 ba ka yi tari ba, to ba ka da korona. Na tashi zaune a bakin gado, na ja numfashi, na riƙe, na ƙirga da yatsu har goma, na sake shi ina jin wani sanyi a raina. Kafin in kwanta na tura wa rukuni uku. Washegari wata tsohuwar ɗalibata ta rubuto mini cikin ladabi: “Anti, kin duba wannan kuwa?” Ban duba ba. Ƙanzon kurege ne tsagwaronsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka shi cikin jerin ƙarairayin da ta ƙaryata. Ni da na shekara da shekaru ina koya wa mutane tantance labari, dare ɗaya na faɗa ramin, don kawai saƙon ya kwantar mini da hankali kuma na san wadda ta turo. Tun daga ranar na daina yi wa irin su Baba kallon marasa wayo.

Kuma ƙarya ta fi gaskiya sauri a waya, wannan an auna shi. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bi labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka tarar gaskiya tana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500. Kuma mutane irina da irinki ne suka fi yin aikin yaɗawar, don ƙarya ta fi zuwa da sabon abu mai ban mamaki. Shi ya sa tun ranar 15 ga Fabrairu 2020 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya faɗa a birnin Munich cewa bayan annobar akwai ambaliyar labarai da ake yaƙa. A watan Afrilu WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Kafin nan ɗaruruwan mutane sun mutu a Iran bayan shan gurɓatacciyar barasa, a daidai lokacin da ake ta yaɗa jita-jitar cewa barasa na kashe ƙwayar cutar, a Birtaniya kuma an yi ta cinna wa turakun sadarwa wuta don an ce su ke yaɗa ta.

Akwai wani bincike da ya fi ba ni mamaki, don ya nuna ba sai an je ga saƙon murya ba. A tashar talabijin ɗaya a Amurka, Fox News, a 2020 akwai mutum biyu masu gabatar da shiri da dare. Tucker Carlson ya fara gargaɗi kan cutar tun farkon Fabrairun 2020, Sean Hannity kuwa ya yi makonni yana rage mata girma. Masana tattalin arziki da suka bi masu kallon shirye-shiryen biyu, mutanen da ra'ayinsu na siyasa kusan ɗaya ne, sun ga masu kallon Hannity sun makara da kwanaki wajen fara wanke hannu da rage cuɗanya, kuma yankunan da aka fi kallonsa sun fi samun masu kamuwa da masu mutuwa a makonnin farko. 'Yan kwanaki ke nan, amma a farkon annoba kwana biyar ba wasa ba ne.

Sai dai in na ɗora wa amini da waya dukkan laifin ban yi wa Baba adalci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma hukumomi da hannunsu suka tsaga nasu bangon. Ranar 29 ga Fabrairu 2020 babban jami'in lafiya na Amurka ya rubuta wa jama'a cewa su daina sayen takunkumi. Ranar 3 ga Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce kowa ya rufe fuska a bainar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya sai 5 ga Yuni ta faɗaɗa tata shawarar. Dalilin sauyin yana da ƙarfi: an gano mutum yana iya yaɗa cutar tun kafin ya ji ciwo, kuma da farko ana tsoron takunkumin ya ƙare a bar ma'aikatan asibiti hannu rabbana. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Amma da yawa an sauya maganar ba a tsaya an bayyana dalilin ba, dattijo kuwa in ka faɗa masa abu biyu masu karo da juna, ba zai jira na uku ba. Daga baya kuma aka ga masu kafa dokar suna taka ta. A watan Mayu na 2020 aka gano babban mashawarcin firaministan Birtaniya, Dominic Cummings, ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 daga Landan ana tsaka da dokar kulle, kuma masu bincike sun ga yadda yardar mutanen Ingila da gwamnatinsu kan annobar ta faɗi a kwanakin da labarin ya fito. Shi kansa firaministan, Boris Johnson, an ci shi tara a 2022 kan taron da aka yi a ofishinsa lokacin kulle. Irin wannan labarin ba ya tsayawa a ƙasarsu, yana zuwa har wayar Baba ya ce: ba na faɗa muku ba?

Yanzu ƙanwarki, wadda ni ta fi ba ni tausayi, don ita da farko ana ganin ta fi kowa biyayya.

Gaskiya ne wanda ya ji tsoron cuta ya fi saurin bin doka, kuma bin labarai yana ƙara wannan tsoron. Amma abin yana da iyaka. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudun fanfalaki a birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike daga jami'ar Kalifoniya sun tarar cewa waɗanda suka riƙa kallon labarin na awa 6 ko fiye a kullum cikin makon farko sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu. Wanda yake wurin sau ɗaya ya gani. Mai waya kuwa sau ɗari bam ɗin ya tashi a hannunsa. Haka ƙanwarki: duk gawar da aka nuna daga Italiya ko Burazil, a ɗakinta aka sauke ta, alhali a shekarunta da lafiyarta haɗarin da ke kanta bai kai kusa da na Baba ba. Wanda ya kamata ya fi jin tsoro bai ji ba, wadda haɗarinta ya fi ƙanƙanta ta kwashe tsoron gidan duka.

Me ya sa kuma ta yi watsi da komai rana ɗaya? Wata malamar sadarwa, Kim Witte, ta yi bayanin wannan tun 1992. Ta ce in ka tsorata mutum, ɗayan biyu zai yi. In ya ga akwai abin da zai iya yi, kuma ya yarda abin yana kare shi, sai ya fuskanci haɗarin. In kuwa tsoron ya fi ƙarfin dabararsa, sai ya bar haɗarin ya koma neman yadda zai kashe tsoron: ya toshe kunne, ko ya ƙaryata, ko ya ce abin da zai faru ya faru. Wata huɗu yarinyar nan tana wanke hannu, adadin da take gani kullum ƙaruwa yake. A idonta wankin bai hana komai ba, don tana auna ɗan aikinta da mace-macen duniya baki ɗaya. Ba taurin kai ba ne, ƙarfinta ne ya ƙare. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ma ya fitar da takarda a kan wannan gajiyar a ƙarshen 2020. Rahoton 2022 na cibiyar Reuters mai nazarin aikin jarida kuma ya nuna kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna kauce wa labarai da gangan, daga kashi 29 a 2017.

In kin lura, ƙarshenta inda Baba yake nan ta sauka, ta wata hanyar ce kawai ta biyo. Ni har ina zargin shi ma Baba akwai tsoro a ƙarƙashin musun nasa. Mutumin da ya san yana da suga, yana jin ana cewa masu suga ne ke mutuwa, “ƙarya ce” ta fi masa sauƙin haɗiya.

Kin tambaya ko wayar ce mai laifi. Ba zan ce ki ƙwace wayar kowa ba, don duniya ta gwada shiru ta ga abin da ya haifar. Murar 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50, ana kiranta murar Sifaniya ne kawai saboda Sifaniya ba ta cikin yaƙin duniya na ɗaya, jaridunta suna da 'yancin faɗin abin da ke faruwa, har rashin lafiyar sarkinsu. Ƙasashen da ke yaƙi suka danne labarin kada gwiwar jama'a ta yi sanyi. A birnin Filadelfiya na Amurka aka bar mutum kusan 200,000 suka fito fareti ranar 28 ga Satumba 1918 ana ce musu babu abin damuwa, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil. Birnin Sen Luwis, da ya rufe makarantu da wuraren taro da wuri, bai ga irin wannan tsananin ba.

To ta ina za ki ɓullo musu? Ƙanwarki ta fi sauƙi. Ku yanke lokaci ɗaya a rana na duba labari, daga tushe ɗaya ko biyu da kuka amince da su, wayar kuma ta kwana nesa da matashin kai. Ta bar ƙirga na duniya, ta duba halin da ake ciki a inda kuke da abin da aka ce a yi. Sannan ki ba ta aikin da za ta ga amfaninsa da idonta: ita ce mai kula da maganin Baba, ita ce mai buɗe tagogi iska ta ratsa ɗaki. Batun ƙyandar biri ma, da ta san cewa galibi ta cuɗanyar jiki da mai cutar ko taɓa tufafinsa da shimfiɗarsa ake ɗauka, da ta samu barci. In rashin barcin ya zarce makonni, ta ga likita, shi ma ciwo ne da ake magani.

Baba kuwa kada ki yi gardama da saƙon amininsa, don a kunnensa aminin kike ƙaryatawa. Ki zauna ku saurara tare, ki tambaye shi kamar mai neman sani: “Baba, shi mai maganar nan wane ne? A ina ya gani?” An gwada wannan a 2020: tunatar da mutane kawai su yi tunanin ko labari gaskiya ne ya inganta irin labaran korona da suke zaɓar turawa. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, ko likitan da ke duba masa suga, shi ya faɗa masa. Ki kuma juya maganar daga kansa, don dattijo da ya ce shi ya gama rayuwa ba zai ce haka a kan jikarsa ko tsohon abokinsa mai hawan jini ba.

Kada kuma ki manta da tambayar ƙarshe, ta wahalar yin abin. Na taɓa zama da wani dattijo da ya shafe kusan rabin awa yana jero mini maƙarƙashiyar da ke bayan takunkumi, daga masu sayarwa har manyan ƙasashe. Ban katse shi ba. Da ya gama na ce, “Baba, don Allah sa mini shi in gani.” Ya sa yana ƙunƙuni. Numfashi biyu ya yi gilashin tabaransa ya rufe da tururi, ya fizge takunkumin ya ce, “Kin gani? Ranar farko saura kaɗan in faɗi a matakala a gaban yara.” Na matse masa ƙarfen da ke saman takunkumin ya kama karan hanci, na ɗora tabaran a kansa maimakon ƙarƙashi. Ya yi numfashi, ya kalli taga, ya sake yi da ƙarfi don ya kama ni da ƙarya, gilashin bai yi komai ba. Bai ce na yi gaskiya ba, bai kuma janye ko kalma ɗaya daga maƙarƙashiyar ba. Da zan tafi dai ya tambaye ni ko ina da wani irinsa mai ƙarfen a jaka.